Aƙidar da Ba a Rubuta Ba: Lacca kan Unguwannin Haɗaka

 

Maganar da aka ɗora mini yau ta shafi wani salon zaman tare ne da ya faro a ƙasar Denmak, daga baya ya bazu zuwa Holan, Suwidin, Amurka, Ingila da wasu ƙasashe. Mutanen Denmak suna ce masa bofællesskab. Ni zan riƙa kiransa unguwar haɗaka.

Ga yadda abin yake. Iyalai kamar ashirin zuwa arba'in, waɗanda ba dangin iya ba na baba, sai su haɗu su sayi fili, su zauna da mai zanen gini su tsara unguwa da kansu. Kowane iyali da gidansa, da ɗakin girkinsa, da makullinsa, kuma abin da mutum ya samo na aljihunsa ne. Sai dai gidajen sukan zama ƙanana, domin an ware kuɗi an gina wani babban gida na kowa da kowa a tsakiya. A cikinsa akwai katafaren ɗakin girki, da zauren cin abinci, da wurin wasan yara, da wurin wanki, da ɗakin saukar baƙi. Motoci a bakin unguwa ake barin su, tsakiya kuwa ta masu tafiya a ƙasa ce, don dole ka gamu da maƙwabcinka kafin ka kai ƙofarka. Ana girki bi da bi, a ci tare sau biyu ko uku ko fiye a mako. Babu mai unguwa, babu mai gidan haya da ke ba da umarni. Mazauna ne ke zama su yanke shawara.

Masu yayata wannan tsari sun daɗe suna maimaita magana guda: mu ba mu da aƙida, ba mu da shugaban da ake bi, ba ma tambayar addininka ko jam'iyyarka, maƙwabtaka kawai muke nema. Abin da nake so in nuna muku shi ne wannan magana ba ta cika gaskiya ba. Akwai aƙida, kuma tana aiki kullum. Sai dai an hana ta shiga takarda, ita kuwa ta zagaya ta shiga tukunya, da tarbiyyar yara, da farashin gida, da yadda ake gudanar da taro. A ganina, wadda ba a rubuta ba ta fi wadda aka rubuta cutar da baƙo, domin ba ya iya ganin ta balle ya yi mata tambaya.

Mu fara daga tushe. A shekarar 1964 wani mai zanen gini, Jan Gudmand-Høyer, ya tara abokansa suka tattauna yadda za su zauna kusa da juna. Sun sayi fili a Hareskov, a bayan birnin Kofanhagan, amma maƙwabta suka ƙi amincewa, aikin ya rushe. A 1967 wata marubuciya, Bodil Graae, ta buga maƙala a jaridar Politiken tana cewa ya kamata kowane yaro ya samu iyaye ɗari. A 1968 shi ma Gudmand-Høyer ya buga tasa, yana neman wata gada tsakanin mafarkin al'umma marar aibi da gidan iyali guda wanda yake ganin zamani ya wuce shi. Waɗanda suka amsa kiran waɗannan rubuce-rubuce su ne suka gina Sættedammen kusa da Hillerød, inda iyalai 27 suka tare a 1972, da Skråplanet mai iyalai 33 a 1973.

Ku dubi waɗannan mutane da kyau. Cewa yaro na unguwa ne gaba ɗaya ba na mahaifa biyu kaɗai ba, wannan matsayi ne. Cewa namiji zai ɗaura bante ya shiga layin girki daidai da mace, domin ita ma ta dawo daga aiki a gajiye, wannan ma matsayi ne, kuma a wancan lokacin matsayi ne mai zafi ko a Turai. A Suwidin ma tun 1935 Alva Myrdal da mai zane Sven Markelius suka tsaya aka gina wani bene a birnin Istokholm mai ɗakin girki guda da wurin renon yara, da niyyar 'yantar da mace mai aiki daga ɗawainiyar gida, sai dai a can ma'aikata aka ɗauka su yi hidimar. Saboda haka duk wanda ya ce abin nan an haife shi ba aƙida, bai karanta tarihinsa ba. Daga cikin guguwar shekarun 1960 ya fito, da tunaninta na daidaito da ƙyamar mulkin wani a kan wani.

Amma akwai iyakar da suka ja da gangan, kuma ita ce ta raba su da wasu. Ba su haɗa aljihu ba. A Denmak ɗin dai, a 1978, wasu suka sayi wata tsohuwar gonar masu hannu da shuni da ake kira Svanholm, suka zuba kuɗin shigarsu a asusu guda. Wannan wata hanya ce daban. Mutanen unguwar haɗaka suka ce a'a, za mu ci tare, mu yi reno tare, amma albashina nawa ne, ƙofata kuma tana da sakata.

Me ya sa wannan iyaka take da muhimmanci? Domin tarihin masu haɗa komai yana da darussa biyu da suke karo da juna, kuma ina so mu ɗan jima a kansu.

Darasi na farko: aƙida mai ƙarfi tana riƙe jama'a. Robert Owen, attajirin masaƙa daga Birtaniya, ya sayi garin New Harmony a jihar Indiyana a 1825 don ya kafa al'ummar daidaito bisa hankali zalla. Ya buɗe ƙofa ga duk mai so. Kafin 1827 ta ƙare abin ya watse. Su kuwa Hutterawa, waɗanda suka haɗa dukiyarsu bisa imanin addini tun 1528, har gobe suna nan a Amurka da Kanada. Masaniyar zamantakewa Rosabeth Moss Kanter ta bi diddigin al'ummomi 30 irin waɗannan na Amurka na ƙarni na 19 a littafinta na 1972, ta ga 9 ne kacal suka kai shekara 25. Waɗanda suka jure su ne masu neman sadaukarwa daga mabiyansu: ka bar wani abin da kake so, ka zuba dukiyarka, ka yanke wasu alaƙoƙi na waje, ka yarda a yi maka gyara a gaban jama'a. Daga baya Richard Sosis ya duba al'ummomi 200 na wancan zamani, ya samu cewa bayan shekara 20 da kafuwa kashi 39 cikin 100 na masu tushen addini suna raye, amma kashi 6 ne kawai na marasa tushen addini. Ya kuma lura da wani abu da ya fi ba ni mamaki: yawan hani da ƙa'ida yana ƙara wa masu addini tsawon rai, amma ba ya ƙara wa sauran komai. Wato mutum yakan jure wahala idan ya yi imani ba ɗan uwansa ne ya ɗora masa ita ba.

Darasi na biyu: aƙida mai ƙarfi tana iya danne abin da zuciya ba za ta daina nema ba. Ƙauyukan gama kai na Yahudawa, waɗanda ake kira kibbutz, sun faro da Degania a 1910. Sun haɗa kuɗi, sun haɗa tukunya, da yawansu har suka ware wa yara gidan kwana daban da na iyaye. Iyaye, musamman mata, ba su daina ƙorafi ba har aka dawo da yara ɗakunan iyayensu, kuma zuwa shekarun 1990 tsarin kwanan yara daban ya mutu. A 2007 ita kanta Degania ta kaɗa ƙuri'a ta koma biyan kowa gwargwadon aikinsa. Akwai kuma mafi muni. A 1978 mutane fiye da 900 suka mutu a Jonestown da ke ƙasar Gayana a ƙarƙashin shugaba guda da ba a yi masa musu. Wannan labari ya zauna daram a zukatan Amurkawa.

Da wannan tsoro a gari ne wasu masu zanen gini biyu, Kathryn McCamant da Charles Durrett, suka dawo Kalifoniya daga Denmak suka buga littafinsu a 1988, wanda ya gabatar wa Amurkawa tsarin. Sun jera alamomin da ake gane shi da su: mazauna su shiga cikin tsarawa, zanen ya jawo haɗuwa, a samu wurare na kowa, mazauna su tafiyar da harka da kansu, ba shugaba a sama, ba a haɗa kuɗin shiga. Ba su sa imani ko manufa ta siyasa a jerin ba. Ina ganin hikimar hakan. Banki ba ya ba da rancen gina gida ga abin da ya yi kama da ƙungiyar asiri, hukumar tsara gari ma ba ta sa hannu. Unguwa ta farko da aka gina daga tushe a Amurka, Muir Commons da ke garin Davis, ta buɗe a 1991 da gidaje 26. Akwai kuma doka: tun 1968 dokar gidaje ta Amurka ta hana a ƙi sayar wa mutum gida ko ba shi haya saboda addininsa ko launin fatarsa. Ko da unguwa tana da aƙida, ba ta da ikon tsayawa a bakin ƙofa ta tantance mai saye da ita.

To ina aƙidar ta tafi? Bari mu bi sawunta.

Wuri na farko shi ne taro. Yawancin waɗannan unguwanni ba sa yanke hukunci da rinjayen ƙuri'a. Suna tattaunawa ne har sai kowa ya amince, ko aƙalla babu mai cewa na hana. Wannan salo yana da jijiya a ibadar mabiya ɗarikar Kweka ta Kirista, waɗanda suka yi imani cewa hasken gaskiya na iya sauka a zuciyar kowane ɗaya daga cikin masu zama, don haka ba a take muryar mutum guda. A wurinsu, wanda ya hana abu yana tsoron Ubangijinsa, ba zai hana don son rai ba. Sai aka ɗauko tsarin aka bar imanin a baya. Sakamakon shi ne mutum ɗaya mai taurin kai yana iya tsayar da gyaran rufi ko sayen injin wanki na tsawon watanni, jama'a su gaji, masu ƙananan yara su daina zuwa taro, ya zama masu lokaci da iya baki ne ke mulki alhali a takarda ba mai mulki. Imani da cewa kowa daidai yake, idan ba a yi masa shinge ba, yakan haifi sarakuna marasa rawani, kuma sarkin da ba a naɗa ba babu yadda za a tuɓe shi.

Wuri na biyu tukunya ce. A Lancaster ta Ingila, a bakin kogin Lune, an gina gidaje 41 masu matuƙar tattalin makamashi, kuma an tsara abincin haɗakarsu ba nama, ko da yake kowa na cin abin da ya ga dama a gidansa. Ga wanda ya yi imani cewa yanka dabba zalunci ne, ƙanshin nama a zauren da shi ma ya biya kuɗin gininsa cin fuska ne. Ga wanda ya tashi da nama a kwanonsa, hana shi a teburin kowa kamar ce masa ne kai baƙo ne a nan. Babu cikinsu mai wasa. Kuma wannan ba rigimar da ake raba ta biyu a ba kowa rabi ba ce, domin wanda ya ɗauki abu haramun ba ya karɓar rabinsa. Mu da muka san muhimmancin halal ba ma buƙatar dogon bayani a nan.

Haka abin yake ga sauran abubuwan da su kansu mazauna suke ambata a matsayin tushen saɓani: karnuka da kyanwoyi, horon yara, da maganin ƙwari a lambu. A Amurka har da ajiye bindiga a gida, lokacin annobar korona kuma aka ƙara da rigakafi da takunkumin fuska. Kowane ɗaya a ido ƙaramin abu ne, amma ƙarƙashinsa akwai tambaya babba. Ina da ikon tsawata wa ɗanka idan ya yi ba daidai ba a gidan kowa? Ran tsuntsu ya fi 'yancin kyanwarka? Bahaushe ya riga ya faɗa, zo mu zauna zo mu saɓa. Bambancin kawai shi ne a nan an gaya wa mai shigowa cewa babu wani ra'ayi da ake bi, sai bayan ya zuba jarinsa ya tare ya gane akwai, kuma shi ne a wajen layi.

Wuri na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne farashi. Gina irin wannan unguwa yana cin shekaru na taruka, ga kuɗin fili, ga na mai zane, ga kasadar a yi asara. Wa ke da wannan sarari? A Amurka, masu bincike da su kansu shugabannin harkar sun yarda cewa mafi yawan mazauna Turawa ne farare, masu zurfin karatu, masu matsakaicin hali ko sama, masu ra'ayin sassauci a siyasa. Kusan kowace unguwa tana rubuta cewa tana maraba da kowa. Na yarda da gaske suke. Amma direban babbar mota mai ra'ayin mazan jiya, ko iyalin Musulmi da ba sa son a sha giya a teburin da 'ya'yansu ke zaune, sukan zo ziyara sau ɗaya su fahimci ba wurinsu ba ne, ba tare da kowa ya ce musu uffan ba. Lucy Sargisson ta Jami'ar Nottingham ta nazarci abin da unguwannin Amurka ke faɗa game da kansu, ta nuna cewa duk da gudun kalmar aƙida da suke yi, manufofinsu suna kama da juna ƙwarai.

Shi ya sa nake girmama waɗanda suka fito fili. A Leeds, unguwar LILAC mai gidaje 20, wadda aka gina bangonta da katako da damin ciyawar hatsi aka buɗe a 2013, ta ce adalci a farashi ginshiƙi ne a wurinta, ta kuma mayar da maganar lissafi: ƙungiya ce ke riƙe da gidajen, kowane mazauni yana biyan kusan kashi 35 cikin 100 na abin da ke shigo masa bayan haraji. A arewacin Landan wasu mata 'yan sama da shekara 50 sun yi shekara 18 suna fafutuka har suka tare a New Ground a 2016, gidaje 25, takwas daga ciki na haya mai rangwame don kada marar hali ta rasa wuri. Sun faɗa ƙarara cewa wurin na mata ne, kuma manufarsu su tsufa da mutuncinsu suna duba juna. A Oakland wasu 'yan coci guda suka kafa Temescal Commons bisa fahimtarsu ta Kiristanci game da haƙƙin maƙwabci. Kana iya ƙin yarda da kowanne cikinsu, amma ba za ka ce an yaudare ka ba. A Denmak ma, Tinggården da aka buɗe a 1978 da gidajen haya 79 ta nuna tun da wuri cewa ba dole sai mai kuɗin saye ba.

Akwai kuma abin da lokaci ke yi. Masu kafawa sai da wuta a ciki, domin wanda ba shi da imani mai ƙarfi ba zai jure shekarun taro da jiran izini ba. Diana Leafe Christian, wadda ta daɗe tana bibiyar irin waɗannan yunƙuri, ta ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma suna mutuwa kafin a aza tubali. Amma bayan shekaru, wasu daga cikin masu kafawa sun tashi, waɗanda suka maye gurbinsu gida suka gani ya yi musu, da makaranta a kusa. A nan ne tsofaffi ke cewa an ci amanar manufa, sababbi kuma su ce ba mu muka ɗauki wannan alkawari ba. Unguwar da ta jingina komai a kan zafin zuciyar masu kafawa tana shan wuya a wannan gaɓa. Wadda ta mayar da imaninta aiki, wato layin girki, ranar shara, kuɗin wata, halartar taro, ita sabon zuwa yana iya shiga cikinta ko da bai karanta littattafan da suka karanta ba. Mutum yana iya yanka albasa tare da wanda ba su taɓa zaɓen ɗan takara ɗaya ba.

Game da mai cewa na hana, unguwar N Street da ke Davis, wadda ta faro a 1986 lokacin da maƙwabta suka fara cire shingayen bayan gidajensu, ta samo dabarar da nake ganin ta dace. Kana da ikon hanawa, amma da sharaɗi: dole ka zauna da masu shawarar, har sau shida cikin wata uku, ku fito da wata sabuwa da za ta warware matsalar. Idan kun kasa, ko ka ƙi zama, sai a mayar da maganar ga ƙuri'a mai babban rinjaye. Ba a toshe bakin mai imani ba, amma an sa imaninsa ya ci masa lokaci da gumi. Wasu unguwanni kuma sun koma wani tsari da Gerard Endenburg ya gina a kamfaninsa a Holan a shekarun 1970, inda ba a tambayar ko ka so shawara, sai dai ko kana da hujjar cewa za ta cutar da manufar da aka amince da ita. Wannan tambaya ba ta da amsa sai an riga an rubuta manufar.

Wani zai ce, malam, ai mu muna da babban gida da sassa da tsakar gida tun kaka da kakanni, me Turawa za su koya mana? Gaskiya ne abin da suke ginawa da zane mu mun gaje shi. Amma namu jini ne ya ɗaure shi, da addini guda, da maigida wanda in ya yi magana ta zauna. Ba mu zaɓi juna ba. Yanzu kuwa a Kano da Kaduna da Abuja ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata suna sayen fili su yanka wa mambobi, su kewaye, su sa ƙofa ɗaya, su haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, su ware filin masallaci. Waɗannan mutane aiki ne ya haɗa su, ba dangantaka ba, kuma babu maigida a cikinsu. Matsalar Turawan nan ce take jiran su da tufafin gida. Wa zai yi limanci, kuma na wane ɓangare? Za a yi maulidi a masallacin ko ba za a yi ba? Abokin aiki Kirista da ya biya kuɗinsa daidai da kowa, ina matsayinsa, kuma zai iya tara jama'a addu'a a falonsa? Kiɗan biki zai kai ƙarfe nawa? Matar da mijinta ya rasu ta gaji gidan, tana da murya a taro? Mun fi son a ce ai duk ɗaya muke, Allah zai rufa asiri, a wuce wurin. Roƙona ga masu shirin irin wannan unguwa shi ne su zauna kan waɗannan tambayoyi tun ana kan takardar fili, su taƙaita abin da ya zama dole a kan kowa, su rubuta shi da Hausar da kowa zai gane, su nuna wa duk mai son saye kafin ya biya ko sisi, su kuma rubuta yadda za a sauya ƙa'ida idan 'ya'yansu suka gaji gidajen suka ga dama daban.

Shugaban zama, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.